Itacen Da Ke Gonarka, Na Wane Ne?

 Zancenmu na yau a kan wurin da mutum ya tashi ne, da abin da ke sa ya kula da shi, ko kuwa ya bar shi ya lalace.

Kun sani, in aka tambayi mutum garinsu, ya kan ce, can aka binne cibiyata. Ba gidansu kaɗai ya ke nufi ba. Yana nufin rijiyar da ya sha, da hanyar gona, da tsamiyar da tsofaffi su ke hira a gindinta. Har waɗansu garuruwa sunan itace su ka ci, kamar Magarya a ƙasar Damagaram, da Kukawa a Barno. Wanda ya daɗe a baƙon wuri, ko da cikinsa a ƙoshe, wata rana sai ku gan shi ya yi jugum. Amma akwai ciwon da ya fi wannan, watau mutum yana zaune garinsu, bai je ko'ina ba, ƙasar ce ta sake kama har ya kasa gane ta. Abin da ya sami manoman Maraɗi da Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, ke nan.

A shekara ta 1935 Faransawa su ka kafa dokar daji, wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma. Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a sake hanya ba. Gawon da kakanka ya bari a gonarka, ba ka da ikon sare reshensa sai da takarda, in ba haka ba ma'aikatan daji su ci ka tara. To, me manomi zai yi? Da ya ga tsiro ya fito, sai ya sa gatari tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa shari'a. Ga kuma noman gyaɗa yana ta cin daji, har aka riƙa yabon wanda ya share gonarsa fes, ana cewa shi ne manomin kirki.

Sa'an nan fari ya zo, na 1973 da na 1984. Babu abin da zai tare iska, rairayi ya kan binne shuka, sai a sake, wani lokaci har sau uku. Mata su kan wuni neman itacen wuta, in sun rasa su ƙone kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki. Samari kuwa su ka yi kudu, waɗansu ba su komo ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An kashe kuɗi da yawa wajen dasa itatuwa, amma mafi yawansu sun mutu, gama ba wanda ya ɗauke su nasa, balle ya tsare su daga awaki.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda mishan SIM ta aiko Maraɗi, ya tsaya a hanya domin ya rage wa ƙafafun motarsa iska saboda rairayi. Sai ya lura da 'yan kurmin da ke ko'ina cikin gonaki. Ashe kututtura ne na itatuwan da aka sare, saiwarsu da rai a ƙasa, kowace shekara suna tohowa ana sarewa. Dabarar ba wuya: ka zaɓi tsiro ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka sare sauran, ka rage rassan ƙasa, ka bar su su miƙe. Kalgo, sabara, geza, duk haka a ke yi musu. Mutanen Maraɗi su ka sa wa aikin suna sassaben zamani.

Ga inda na ke so ku kasa kunne. A yunwar 1984 an ba mutane abinci domin su bar itatuwa a gonakinsu, su ka bari. Da abincin ya ƙare, aka sare kamar kashi biyu cikin uku. Aikin bai kafu ba sai da ma'aikatan daji su ka sassauta, manomi ya tabbata reshen da ya rena shi zai sare, shi zai sayar. Ni dai a ganina wannan tabbaci ya fi wuƙar aiki. Daga baya doka ta bi sawu, a 1993 da 2004, har a 2020 gwamnati ta rubuta a fili cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne.

Masu bincike sun gwada hotunan sama na 1975 da na shekaru talatin bayan haka. Sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan hekta miliyan 5, kusan duka ba dasa su aka yi ba. A wajajen Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya fi yawa. Itace ne mai ban mamaki, gama yana zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana ba, da rani kuwa ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki a nan. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya ke fin na fili kyau.

A ƙauyen Ɗan Saga, wajen Agye, mutane da kansu su ka kafa 'yan tsaron itatuwa, da manoma da makiyaya, maza da mata. Wanda aka kama yana sara a gonar wani, a gaban mutanen gari a ke yi masa hukunci.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.