Tuvalu: Ƙasar da ke shirin ranar da teku zai cinye ta

A darasin Gwamnati ana koya mana cewa sai abubuwa huɗu sun haɗu kafin a kira wuri ƙasa: jama'a, yanki mai iyaka, gwamnati da 'yancin kai. To idan ɗaya daga cikin huɗun ya nutse a ruwa fa? Wannan ita ce tambayar da ke gaban mutanen Tuvalu, wata 'yar ƙasa a tekun Pasifik, tsakanin Ostareliya da Hawai.

Tuvalu tsibirai tara ce, faɗinsu duka bai wuce murabba'in kilomita 26 ba, jama'arta kuma kimanin dubu 11 ne. Babban birninta Funafuti. Ta samu 'yanci daga Birtaniya ranar 1 ga Oktoba, 1978, wato rana ɗaya muke bikin 'yanci da su, sai dai Najeriya ta girme ta da shekara 18.

Majalisar da babu jam'iyya

Shugaban ƙasar a hukumance shi ne Sarkin Ingila, Charles na Uku, amma Gwamna Janar ɗan ƙasa ke wakiltarsa. Ainihin mulki yana hannun Firaminista da ministocinsa.

Majalisar dokoki ɗaya ce, mai kujeru 16. An raba ƙasar mazaɓu takwas, kowace tana turo mutum biyu duk bayan shekara huɗu. Abin da zai ba mu mamaki shi ne babu jam'iyyar siyasa ko ɗaya. Kowane ɗan takara da sunansa yake tsayawa, masu zaɓe kuma sun san shi, sun san gidansu. Bayan zaɓe sai 'yan majalisar su zaɓi Firaminista daga cikinsu.

Wannan tsari yana da nasa ciwon kai. Da yake kujerun kaɗan ne, mutum ɗaya ko biyu suka sauya sheƙa sai gwamnati ta fara tangal-tangal. Kujerar Firaminista ma ba ta da tabbas: a zaɓen Janairun 2024 Firaminista mai ci, Kausea Natano, ya faɗi a mazaɓarsa. Har sai da aka jinkirta zaɓen magajinsa, domin igiyar ruwa ta hana jirgi ɗauko wasu 'yan majalisa daga tsibiransu. A watan Fabrairu aka zaɓi Feleti Teo.

Dattawa da kotuna

A kowane tsibiri akwai majalisar gargajiya da ake kira Falekaupule, inda sarakai da dattawa ke zama. Wata doka ta 1997 ce ta danƙa mata ragamar mulkin tsibirin, tare da zaɓaɓɓen kwamiti mai suna Kaupule da ke aiwatar da abin da aka yanke. Ke nan a can dattawa ba shawara kaɗai suke bayarwa ba, doka ta ba su iko.

Shari'a kuwa hawa-hawa ce. A ƙasa akwai kotunan tsibiri masu sauraron ƙananan ƙararraki, da kotunan filaye masu raba gardamar gado da iyaka bisa al'ada. Sai kotun majistare, sai Babbar Kotu, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wanda bai gamsu ba yana iya kai kukansa har Landan, gaban alƙalan majalisar Sarkin Ingila. Mu ma haka muke yi a da, sai a 1963 da Najeriya ta zama jamhuriya aka daina. Kamar mu, sun haɗa dokar da suka gada daga Turawa da al'adarsu.

Idan ƙasa ta nutse

Wuri mafi tudu a Tuvalu bai kai mita biyar daga saman teku ba, ga shi ɗumamar yanayi na sa ruwan yana ƙara hawa. Ruwan gishiri yana ɓata gonaki da rijiyoyi. A 2021 ministan harkokin wajen ƙasar na lokacin, Simon Kofe, ya tsaya cikin teku, ruwa har gwiwa, ya aika jawabi ga taron sauyin yanayi na duniya.

Ba su tsaya ga kuka ba. A 2023 sun gyara tsarin mulkinsu, suka rubuta cewa Tuvalu za ta ci gaba da zama ƙasa har abada, iyakokinta na ruwa kuma suna nan, ko da tudun ya tafi. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin kuɗin lasisin da jiragen kamun kifi na waje ke biya a ruwan nan yana cikin manyan hanyoyin samun gwamnati. A shekarar ce kuma suka ƙulla yarjejeniya da Ostareliya, wadda ta yarda mutum 280 su riƙa komawa can duk shekara. Sai dai yarjejeniyar ta ba Ostareliya ta cewa a duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta ƙulla da wata ƙasa, abin da ya sa wasu 'yan ƙasar ke tambayar ina 'yancin yake.

Tambayar da ta rage wa duniya ita ce ko sauran ƙasashe za su ci gaba da girmama tutar Tuvalu da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya idan jama'arta suka watse. Ku kai wannan batu ƙungiyar muhawara ta makarantarku: jama'a ce ƙasa, ko kuwa turɓayar da suke takawa?