Harajin Gida da Rufin Makaranta: Yadda Amurkawa Ke Gyara Makarantunsu

A Amurka, idan rufin makarantar gwamnati ya fara yoyo, ko na'urar ɗumama azuzuwa ta lalace ana tsakiyar hunturu, ba a kai kuka Washington. Yawanci masu gidaje da shaguna da gonaki na yankin ne ke biyan kuɗin gyaran, daga harajin da ake ɗora wa kadarorinsu duk shekara. Ƙasar tana da gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta, kuma galibi mazauna yankin ne ke zaɓen mambobin hukumar. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa a ilimin firamare da sakandare ba ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari a yawancin shekaru. Ragowar jihohi da gundumomi ne ke ɗauka, amma in aka zo maganar gini da gyara, nauyin ya fi karkata kan gunduma.

Ga yadda abin ke tafiya. Hukumar makarantu za ta sa masana gini su duba rufi da wayoyin lantarki da famfuna da banɗakuna, su fitar da ƙiyasin kuɗin aikin. Tun da kuɗin ya fi ƙarfin kasafin shekara guda, sai hukumar ta nemi izinin cin bashi. A jihohi da yawa dole a kai maganar gaban jama'a su kaɗa ƙuri'a. In sun amince, gunduma za ta sayar wa masu zuba jari takardun bashi, ta karɓi kuɗin a dunƙule ta yi aikin, sannan ta riƙa biya da kuɗin ruwa tsawon shekara 20 zuwa 30. Ƙarin harajin kadarori ne ke biyan wannan bashi, kowane mai gida gwargwadon darajar da jami'in ƙiyasi ya ba gidansa.

Tsarin yana da alherinsa. Mutumin da ya ga sunan aikin a takardar harajinsa ba zai yi shiru ba idan ɗan kwangila ya yi ha'inci. Makarantar tana unguwarsu, mambobin hukumar maƙwabtansa ne, kuma yana da ƙuri'ar da zai kayar da su. Harajin kadarori kuma ba ya hawa da sauka da sauri kamar harajin ciniki, domin gida ba ya tashi ya bar gari, don haka masu ba da bashi suna da natsuwa. A jihar California ma doka ta ce duk gundumar da ta ci irin wannan bashi a ƙarƙashin gyaran dokar da aka yi a 2000 sai ta kafa kwamitin 'yan gari da zai sa ido kan yadda ake kashe kuɗin.

Matsalar tana cikin lissafi. A ce gundumomi biyu kowace tana buƙatar dala miliyan 1 a shekara don biyan bashin gyara. Darajar kadarorin ta farko dala biliyan 1 ce, ta biyu kuwa dala miliyan 250. Mazauna ta farko za su biya dala 1 kan kowace dala 1,000 ta darajar gidansu, mazauna ta biyu kuma dala 4. Rufi iri ɗaya, amma talaka ya biya ninki huɗu.

Wannan ba zato ba ne, an gani a birnin San Antonio na jihar Texas. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, gundumar Edgewood, wadda mafi yawan mazaunanta talakawa ne 'yan asalin Meziko, tana karɓar dala 1.05 kan kowace dala 100 ta darajar kadara, amma abin da ta tara wa kowane ɗalibi dala 26 ne kacal. Gundumar Alamo Heights ta masu hali, a cikin birnin, tana karɓar senti 85 ne, ta tara wa kowane ɗalibi dala 333. A watan Mayun 1968 ɗaliban sakandaren Edgewood suka fice daga azuzuwa don nuna rashin yarda, iyaye kuma ƙarƙashin Demetrio Rodriguez suka shigar da ƙara. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, saboda haka tsarin Texas bai saɓa masa ba. Mai shari'a Thurgood Marshall na cikin waɗanda suka ƙi amincewa.

Daga nan gwagwarmayar ta koma kotunan jihohi. A 1989 Kotun Ƙolin Texas ta ce tsarin ya saɓa wa kundin jihar, kuma a 1993 aka yi dokar da ke karɓar wani kaso daga gundumomi masu arziki a raba wa marasa ƙarfi. A Arizona, wani hukuncin kotu na 1994 ya taɓo lalacewar gine-gine kai tsaye. Ohio ta kafa hukumar ginin makarantu a 1997 bayan ta sha kaye a kotu, inda jiha ke biyan kaso mafi tsoka ga gundumar da ta fi talauci. Massachusetts kuwa tun 2004 ta ware wani ɓangare na harajin ciniki don gina makarantu da gyara su.

Duk da haka giɓin bai rufe ba. A 2020 ofishin bincike na Majalisar Dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa makarantu kimanin 36,000 na buƙatar gyara ko sauya na'urorin ɗumamawa da sanyaya iska. A jihar Idaho sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun yarda kafin a ci bashin gini, wato ko mafi yawan jama'a na so, 'yan tsiraru na iya hana aikin. Ba kuma kowane mai cewa a'a ba ne mugu: tsohon da ke rayuwa da kuɗin fansho, darajar gidansa na tashi amma samunsa yana nan yadda yake, yana da hujjar jin tsoron ƙarin haraji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya dace mazauna gari su sa kuɗinsu a makarantarsu, domin hakan ne ke ba su bakin magana a kanta. Amma yaron Edgewood bai zaɓi unguwar da aka haife shi ba, kuma ba adalci ba ne lafiyar ajinsa ta rataya a kan farashin gidajen maƙwabta. Jiha ce ya kamata ta tsayar da mafi ƙarancin ingancin da kowane ginin makaranta zai kai, ta auna ƙarfin kowace gunduma da gaskiya, sannan ta cike abin da ya rage daga harajin da kowa da kowa ke biya.