Saƙon "Sama ko Ƙasa": Inda ya yi gaskiya da inda yake cinye kuɗin mutane

Makonnin nan wani saƙo yana yawo a wayoyin mutanen Figil. Ya shiga zauren WhatsApp na 'yan unguwa, ya shiga na masu babur ɗin haya da na matan adashi, har ya kai ga 'yan'uwanmu da ke Gidar da Garwa da Marwa. Akwai shi a rubuce da Faransanci, akwai kuma muryar wani saurayi yana rera shi da Hausa da Fulatanci. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: wai akwai wata sana'a ta waya mai suna tiredin ɗin ofshin, wadda Turawa suka daɗe suna ci suna ɓoye mana. Ka zuba sefa 5,000, ka canki ko farashin dala ko na zinariya zai hau ko zai sauka cikin minti ɗaya. In ka dace a ba ka ribar kashi 80 cikin 100 nan take. Wai wanda ya koya wajen koci kuma yake bin siginal, wato alamar sama ko ƙasa da ake turo masa, ba ya faɗuwa, in ma ya faɗi sai ya ninka kuɗin ya mayar da abinsa. Sai aka rufe da wannan magana: ko bashi ne ka ci, cikin mako guda za ka biya.

Wanda ya ƙirƙiri wannan saƙo ya san abin da yake yi. Waɗanda suke tura shi gaba ba tare da sun tsaya sun yi lissafin da ɗan firamare zai iya ba, su ma ba su kyauta wa jama'a ba. Amma waɗanda suka gaskata, ba na ganin wautarsu. Saurayin da ya gama makaranta ya yi ta zarya ƙofar kamfanin siminti bai samu ko aikin lebura ba, ko manomin da yake jiran kuɗin auduga ga kuɗin makarantar yara ya taso, ba abin mamaki ba ne in ya saurari wanda ya ce masa mafita tana aljihunsa.

Abin da yake gaskiya

Ofshin abu ne da yake akwai. A birnin Shikago na Amurka an buɗe masa kasuwa ta musamman tun 1973. Yarjejeniya ce da mutum yake biyan wani ɗan kuɗi don ya samu damar saye ko sayar da wata kadara a kan farashin da aka yanke, kafin wata rana da aka sa. Ya yi kama da kafin alƙalami: ka ba mai albasa wani abu ya riƙe maka buhu a farashin yau, in ta yi tsada ka ci riba, in ta karye ka fasa, abin da ka bayar ya tafi. Manyan kamfanoni suna amfani da shi don kare kansu daga hawa da saukar farashi.

Gaskiya ne kuma ana iya farawa da kuɗi kaɗan, kuma gaskiya ne wasu sun cire kuɗi sun gani a wayarsu. Iyakar gaskiyar ke nan. Abin da saƙon yake tallatawa ba wancan ofshin ɗin ba ne. Wani nau'i ne da ake kira bainari, wanda ba ka mallaki komai a cikinsa, ba ka da damar sayen komai. Maɓalli biyu ne, kore da ja, sai agogo.

Ƙananan ƙarairayi

Wai gwamnati ta amince da shi: hukumar da ke ba da lasisin irin wannan harka a Kamaru da sauran ƙasashe biyar na yankinmu ita ce COSUMAF da ke Libarbil, sai mai saƙon ya nuna mana sunan manhajarsa a jerin waɗanda ta ba izini. Wai tunda ana zuba kuɗin ta Orange Money ko MoMo ai an tantance shi: hanyar aika kuɗi ce kawai, ba shaidar amana ba ce. Hoton wani attajiri da aka liƙa a saman saƙon, da hotunan riba da ake turowa, aikin minti biyar ne ga duk yaron da ya iya waya. Masu cewa malamai sun halatta kuwa, su sani Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa ko ainihin ofshin na manyan kasuwanni bai halatta ba, balle canki-canka na minti ɗaya.

Batun cewa Turawa suna ɓoye mana shi ya fi ban dariya. Korar sa suka yi. Isra'ila, inda kamfanoninsa suka yi sansani, ta haramta shi a 2017. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga ƙananan masu zuba jari daga Yulin 2018, Birtaniya ta sa haramci na dindindin a Afrilun 2019, Ostareliya ta bi sahu a Mayun 2021. Facebook da Google ma sun daina karɓar tallarsa a 2018. Da ƙofofin can suka rufe ne ya juyo wajenmu.

Babbar ƙaryar: wai wanda ya koya ba ya faɗuwa

Wannan ita ce maganar da take sa mutum ya taɓa kuɗin da ba nasa ba. Ita ce take sa mace ta karɓi kwasar adashi ta miƙa wa ɗanta, ita ce take sa yaron shago ya ɗebi cinikin ubangidansa da niyyar mayarwa kafin magariba. Don haka a nan ya kamata mu zauna.

Mu fara da lissafin da saƙon da kansa ya bayar. In ka sa sefa 1,000 ka dace, ribarka 800. In ka kuskure, 1,000 ɗin duka ta tafi. A ce ka buga sau 100, ka dace a 50, ka kuskure a 50. Ka ci 40,000, an cinye maka 50,000. Ke nan ka yi asarar 10,000 alhali rabin cankarka daidai ne. Kafin ka tsira da uwar kuɗinka kawai, sai ka dace sau 56 cikin kowane 100, kuma ka dawwama a haka yau da gobe da jibi. Motsin farashin dala cikin daƙiƙa sittin ba shi da wata alama da za ta ba mutum wannan rinjaye. Bankunan da suke da ƙwararru da manyan kwamfutoci ba sa alƙawarin sanin sa, balle koci da yake aiko darasi ta murya.

Dabarar ninkawa kuwa ita ce ramin. An ce in ka faɗi a 1,000 ka sa 2,000, in ka faɗi ka sa 4,000. To, a ce ka faɗi sau uku, 7,000 ta tafi. Ka sa 8,000 ka dace, aka ba ka ribar 6,400. Har yanzu da giɓin 600. Wato ko ranar da dabarar ta yi aiki ba kullum take mayar da abin da aka rasa ba. Ranar da ta ƙi fa? Faɗuwa bakwai a jere daga 1,000 tana lashe 127,000, kuma mataki na gaba yana neman 128,000. Irin wannan jeri yana zuwa kusan sau ɗaya cikin kowane zagaye 128. Mai buga sau talatin a rana, da wuya wata ya ƙare bai gamu da shi ba. Shi ya sa labarin kusan iri ɗaya ne: kwanaki ana tsintar ɗari biyar-biyar ana murna, dare ɗaya komai ya tafi.

Akwai tambayar da ba a so ka yi: in ka ci, wa ya biya ka? In an cinye ka, wa ya karɓa? A irin waɗannan manhajoji ba wata kasuwa ake kai kuɗinka ba. Kamfanin da kansa ne abokin karawarka. Shi yake nuna farashin, shi yake riƙe da agogon, shi yake riƙe da kuɗin, kuma asararka ita ce ribarsa. Ranakun Asabar da Lahadi kasuwar canjin kuɗi ta duniya a rufe take, amma manhajojin suna ci gaba da nuna farashi yana hawa yana sauka. Daga wajensu yake fitowa. Ban ce kowace manhaja tana murɗe farashi ba, kuma ba ta ma buƙatar hakan, tunda lissafin 800 da 1,000 ya ishe ta. Sai dai tun 2013 hukumomin kasuwar kuɗi na Amurka suka yi gargaɗi cewa suna samun koke-koke iri uku a kan irin waɗannan shafuka: hana mutane cire kuɗinsu, satar bayanan shaidarsu, da sarrafa manhaja don a kayar da su. A 2019 wata kotun Amurka ta ɗaure Lee Elbaz, shugabar kamfanin Yukom, shekara 22 saboda damfarar bainari.

Sai batun koyo. Da a ce gogewa tana magani, da an gani a ƙasashen da ake ajiye ƙididdiga. Hukumar kasuwar kuɗi ta Faransa ta fitar da bincike a 2014 a kan mutum kusan 15,000 da suka yi cinikin kuɗaɗen waje da makamantansa ta intanet tsawon shekara huɗu. Kashi 89 cikin 100 asara suka yi, kuma in aka raba, kowa ya rasa abin da ya haura sefa miliyan 7. Waɗanda suka fi naci su suka fi asara. A Indiya, inda ake cinikin ainihin ofshin a kasuwa mai doka da oda, hukumar SEBI ta bayyana a 2024 cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu wannan ciniki sun yi asara cikin shekara uku. Ostareliya ta gano kusan kashi 80 na masu bainari suna faɗuwa kafin ta haramta shi. Waɗannan mutane ne masu intanet mai ƙarfi, da littattafai, da kotun da za su kai ƙara. Ba ƙarancin karatu ne ya kayar da su ba.

Wata ƙanwata ta ce da ni, "Yaya, to in ƙarya ne, ya aka yi wane ya cire dubu hamsin, na gani da idona?" Ta gani, ban musa ba. A kowace caca akwai wanda yake ci yau. Abin tambaya shi ne nawa ya zuba tun farko, kuma nawa ya rage masa bayan wata uku. Wanda ya ci shi yake ɗaukar hoto; wanda aka cinye kunya take sa shi yin shiru, shi ya sa kunnenmu bai jin komai sai nasara.

Siginal ma tsohuwar dabara ce. Ka tara mutum 200, ka ce wa rabi sama, ka ce wa rabi ƙasa. Dole 100 su dace. Ka sake raba su, 50 su dace, ka sake, saura 25. Waɗannan 25 sun ga ka faɗi daidai sau uku a jere, za su rantse kana da sirri, su biya kuɗin shiga zaure na musamman, su kuma jawo 'yan'uwansu. Ba duk koci ne yake wannan ba, amma kusan dukkansu suna da adireshin rajista da suke nacewa sai ta nan za ka shiga. Kamfanonin suna biyan lada ga wanda ya kawo mutane, sau da yawa daga abin da suka samu a kan mutanen. Ruwa ba ya tsami banza. Mai sirrin da yake ninka kuɗi kullum ba zai tsaya roƙonka sefa 10,000 na darasi ba.

Asusun gwaji da ake ba sabon shiga shi ma yana taimaka wa ruɗin. Da kuɗin bogi masu yawa kana iya ninkawa sau goma ba ka ji komai ba, sai ka ɗauka ka iya. Da kuɗin gumi, a ninki na biyar aljihu ya ƙare.

Ga wanda ya riga ya shiga

Mun ga irin wannan a baya da wasu sunaye. MMM ta rufe da kuɗin 'yan Najeriya a ƙarshen 2016, MIDA ta bar dubban matasa suna kuka a Yawunde a 2018, CBEX ta maimaita a Najeriya a 2025. Tsarinsu ya bambanta da na bainari, amma alƙawarin ɗaya ne: riba tabbatacciya, cikin sauri, ba tare da an sayar da komai ba.

In kana da saura a ciki, nemi cirewa yau. In aka ce sai ka ƙara zuba wani abu kafin a sake maka, kada ka ƙara ko dala. Kada ka bi asara da bashi, don neman fansa shi yake mayar da asarar dubu ashirin ta zama ta babur. In wani ya kira ka ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya shi, damfara ce ta biyu. Da yawa daga kamfanonin nan rajistarsu tana wasu ƙananan tsibirai masu nisa, inda takardar jandarman Figil ba ta isa. In kuɗin wani ne ka taɓa, faɗa masa tun abin bai girma ba. Iyaye kuma a sassauta: yaron da ya san za a wulaƙanta shi a gida, ɓoyewa zai yi ya ci gaba da ninkawa.

Mai sha'awar harkar kasuwar kuɗi da gaske, akwai hanya. Kasuwar hannun jari ta yankinmu, BVMAC, tana Duwala, ana sayen hannun jarin kamfanoni da takardun lamunin gwamnati ta hannun dillalai masu lasisi. Ribarta a hankali take zuwa, ana iya asara a cikinta, kuma babu dillalin ƙwarai da zai ce ka ci bashi ka shigo.

Wanda kuma ya turo maka saƙon, kada ka yi faɗa da shi. Ka nemi abu biyu: ya buɗe maka tarihin asusunsa na wata uku, abin da ya zuba da abin da ya cire, ba hoto ɗaya ba, sannan ya faɗa maka tsakani da Allah ko ana biyan sa in ka yi rajista ta hannunsa. In ya kasa ko ya fara kame-kame, ka goge saƙon, kuma ka gaya wa zauren dalilin da ya sa ka goge.