Tantanin halitta

Tantanin halitta, wanda wasu ke kira ƙwayar halitta, shi ne mafi ƙanƙantar sashen jiki da ke iya ci, ya girma, ya kuma hayayyafa da kansa. Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk da shi aka gina su. Wasu halittun, kamar bakteriya, tantani ɗaya ne tak. Galibinsu ido ba ya ganin su sai da na'urar maikuroskop.

Tarihi

Robert Hooke, ɗan ƙasar Ingila, shi ya fara bayyana tantani a shekarar 1665, bayan ya duba ɓawon wata bishiya da maikuroskop ya ga wasu ƙananan ramuka kamar ɗakuna. A 1838 da 1839, Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka nuna cewa tsirrai da dabbobi duka daga tantani suke. A 1855 Rudolf Virchow ya jaddada cewa kowane tantani daga wani tantanin yake fitowa.

Sassa da ayyukansu

Fatar tantani: siririn lulluɓi ne na kitse da furotin da ya kewaye tantanin. Ita ke tantance abin da zai shiga, kamar sukari da iskar oksijin, da dattin da zai fita.

Sayitofalazam: ruwa ne mai kauri da ya cika cikin tantani. A cikinsa sauran sassan suke zaune.

Nukiliyas: shi ne cibiya, inda ake ajiye DNA, wato bayanan gado. A tantanin mutum bayanan suna cikin kuromosom 46. 23 daga uwa, 23 daga uba.

Ribosom: ƙananan ƙwayoyi ne masu karanta saƙon da ya fito daga nukiliyas, su harhaɗa furotin bisa umarninsa.

Sashen Golgi: yana karɓar furotin da aka haɗa, ya gyara shi, ya ƙunshe, ya aika inda ake bukata. An sa masa sunan Camillo Golgi na Italiya, wanda ya gano shi a 1898.

Maitokondiriya: nan ake sarrafa sukari da oksijin a samu ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Tana da nata DNA ɗin, kuma daga uwa ake gadon sa.

Laisosom: jaka ce mai sinadaran da ke narkar da sassan da suka lalace da ƙwayoyin cuta.

Tantanin tsiro

Tsiro yana da ƙarin sassa uku. Akwai bango mai tauri a bayan fata, wanda ke ba karan gero da dawa ƙarfin tsayuwa. Akwai kulorofilas, mai koren sinadarin da ke amfani da hasken rana wajen haɗa sukari daga ruwa da iska. Sai babbar jakar ruwa a tsakiya. Idan ta cika, tana tura bangon, ganye ya miƙe. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai ganye ya yi yaushi. Abin da masu noman rani a fadamar kogin Rima, wajen Alkalawa da Sabon Birni, ke gani ke nan idan ban ruwa ya makara. Siririyar fatar cikin albasa ita ce aka fi amfani da ita a makarantun sakandare, domin bango da nukiliyas suna fitowa sarai a maikuroskop.

Jan tantanin jini da ciwon sikila

Jan tantanin jini ya sha bamban: idan ya balaga a cikin ɓargo yakan zubar da nukiliyas da maitokondiriya, ya cika da furotin ɗin himogulobin mai ɗaukar oksijin. Yana rayuwa kimanin kwana 120.

Ciwon sikila, ko amosanin jini, ya nuna yadda ƙaramin sauyi a sashe ɗaya ke shafar dukkan jiki. Harafi ɗaya ne ya canja a DNA da ke kuromosom na 11, sai ribosom ya haɗa himogulobin mai tangarɗa. Idan oksijin ya ragu, tantanin yakan lanƙwashe kamar lauje, ya toshe ƙananan jijiyoyin jini, ya jawo ciwon ƙashi mai tsanani. Irin wannan tantani bai cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba, shi ya sa mai ciwon ke yawan ƙarancin jini.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma a cikin jan tantanin take hayayyafa, ta fasa shi ta fito. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu jinin AS suna da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa gadon ya yawaita a inda sauro ke da yawa, kuma Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da sikila. Idan miji da mata duka AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS. Saboda haka likitoci ke ba da shawarar yin gwajin jini kafin aure.