Zauren Lugard: inda aka yanka wa Nijeriya rigar tarayya

A watan Mayu na 1953, ƙurar rikicin Kano ba ta gama lafawa ba, sarakuna da wakilan Jihar Arewa suka hallara a Kaduna cikin fushi. Makonni kaɗan kafin nan, a ranar 31 ga Maris, Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ce a cire shekarar, a bari sai lokacin da ya dace. Aka tashi baram-baram, jama'ar Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu.

Amsar da Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai suka bayar a Kaduna sharuɗɗa takwas ne. Gundarinsu shi ne kowace jiha ta riƙe harkokinta, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan, kuma kada ma a yi majalisar dokoki ta tsakiya. Wannan dab yake da raba gari. Turawa suka ga abin ya wuce wasa, suka kira taro a Landan cikin wannan shekarar, daga nan aka sami tsarin mulkin 1954 wanda ya mai da Nijeriya tarayya. Ba a ba Arewa duk abin da ta nema ba, amma fasalin da ƙasar ke kai har yau daga wannan ja-in-ja ya fito.

Mazaunin waɗannan majalisu biyu shi ne Zauren Lugard, ginin nan mai ƙubba da ke tsakiyar Kaduna, wanda aka sa wa sunan Baturen da ya ci Arewa da yaƙi. Tsarin mulkin Richards, da ya fara aiki a 1947, shi ya kafa majalisun. Da Turanci da Hausa ake muhawara a ciki. A 1956 Sarauniya Elizabeth ta ziyarci zauren, ranar 15 ga Maris 1959 kuma Arewa ta karɓi mulkin kanta. Ba da ka aka zaɓi ranar ba: a irinta ce Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a 1903.

To, ina ruwan manomin Gaya ko na Ajingi, can a ƙasar Kano, da wani gini a Kaduna? Ruwansa kuwa har wuya. A wancan zamani gwamnati a wurin talaka ita ce En'e: dagaci da hakimi masu karɓar haraji da jangali, alƙali, ɗan doka, gidan yari. Duk waɗannan a ƙarƙashin dokokin Kaduna suke, ba na Ikko ba. Hatta kuɗin gyaɗar da ya noma, hukumar ciniki ta Jihar Arewa ce ke tsayar da shi tun daga 1954. A majalisar Kaduna ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta girgiza fadoji da dama. Nan ne kuma aka zartar da kundin hukunta laifuffuka na 1959, wanda ya sauya aikin kotunan alƙalai daga 1960.

Gaya ba ’yar kallo ba ce. Alhaji Sule Gaya, malamin makaranta da ya faɗa siyasa a jam'iyyar NPC, ya zauna a wannan majalisa har ya zama ministan da ke kula da En'e-En'en Arewa, daga baya ya riƙe sarautar Sarkin Fadan Kano. Kujerar ministan nan kuwa mai zafi ce. Ƙarfin Kaduna a kan masarautu ya fito fili a 1963, lokacin da binciken da aka yi kan kuɗin En'en Kano ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi da komawarsa Azare.

Sai dai kada a yi wa zauren kwalliyar da ba tasa ba. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, En'e na cusa mutanenta a matakin ƙarshe, shi ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano amma ta tashi ba kujera ko ɗaya. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba har majalisar ta rushe. Sai a 1976 aka ba su dama.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisar, a 1967 kuma aka yanka Jihar Kano daga Arewa. Yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke zama a ginin. Al'amuran Gaya sun dawo majalisar Kano, wadda ta ɗaga masarautar Gaya zuwa daraja ta ɗaya a 2019, ta soke ta a Mayun 2024, sannan a Yuli ta maido ta da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta.