Ci Gaba Mai Ɗorewa da Jure wa Canjin Yanayi a Siri Lanka Bayan Durƙushewar Tattalin Arziki

1.0 Gabatarwa

Siri Lanka tsibiri ne a cikin Tekun Indiya, daura da kudancin ƙasar Indiya, kuma yawan mutanensa ya kai kimanin miliyan 22. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin ƙasar ta dakatar da biyan basussukan da ƙasashen waje suke bin ta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta sami mulkin kai daga Ingila a 1948. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ya jawo wannan durƙushewa, da yadda canjin yanayi yake ƙara wa ƙasar nauyi, sannan da hanyoyin da take bi domin ta farfaɗo.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Abin da ake nufi da ci gaba mai ɗorewa, kamar yadda wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace a 1987, shi ne mutanen wannan zamani su biya buƙatunsu ba tare da sun tauye wa na baya halin biyan nasu ba. Jure wa canjin yanayi kuwa shi ne al'umma ta iya ɗaukar fari ko ambaliya ko guguwa, ta kuma miƙe ba tare da rayuwarta ta wargaje ba. Abubuwan nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin ƙasar da kowace damina take rusa mata abin da ta gina ba za ta taɓa tara dukiya ba.

3.0 Musabbabin Durƙushewa

Ƙasar tana samun kuɗin waje ne daga ganyen shayi da tufafi da 'yan yawon buɗe ido da kuma abin da 'yan ci-rani suke aikowa gida. Da su take sayen mai da magani da taki da wani sashe na abinci. Harin bama-bamai na watan Afrilun 2019 ya kori baƙi, annobar korona ta 2020 ta ƙarasa abin da ya rage. A ƙarshen 2019 kuma gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta zabtare haraji, ta mayar da harajin kayan masarufi daga kashi 15 zuwa kashi 8 cikin ɗari, sai baitulmali ya rame.

A 2021 gwamnati ta hana shigo da takin zamani kwatsam, da sunan mayar da noma ga takin gargajiya. Ba a shirya manoma ba, ba a kuma tanadi isasshen madadi ba. Ko da yake an janye dokar a watan Nuwamba na shekarar, ɓarna ta riga ta auku: shinkafar da aka girbe a 2022 ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. A wannan shekara an riƙa ɗauke wutar lantarki har na awa 13 a rana, hauhawar farashi ta kusa kashi 70 cikin ɗari, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa yawan matalauta ya ninka, daga kashi 13 zuwa kashi 25. Bore ya tilasta wa shugaban ƙasa tserewa a watan Yuli. A watan Maris na 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen kusan dala biliyan 3 na shekara huɗu.

4.0 Barazanar Yanayi

Damina biyu ake yi a tsibirin, Maha da Yala, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na ƙasar yanki ne mai ƙarancin ruwa. Farin 2016 zuwa 2017 ya ƙone gonaki, sai kuma ambaliya da zaftarewar ƙasa suka kashe mutum fiye da 200 a watan Mayu na 2017. Fari yana taɓa baitulmali kai tsaye. Idan ruwa ya ja baya a madatsun Kogin Mahaweli, lantarkin da ake samu daga gare su sai ya ragu, dole a ƙona man da aka sayo da dala. A ƙarshen Nuwamban 2025 guguwar Ditwah ta hallaka mutum fiye da 600, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta ɓarnarta a kan kimanin dala biliyan 4, wato fiye da duk rancen da Asusun ya bayar.

5.0 Hanyoyin Farfaɗowa

Hanya ta farko ita ce gyara tafkunan gargajiya. Tun zamanin sarakunan da, irin su Parakramabahu na ƙarni na 12, mutanen yankin fari suke gina ƙananan tafkuna a jere a cikin kwari. Ruwan da ya malalo daga tafkin sama yakan shayar da gonakin shinkafa, ya taru a na ƙasa, a sake amfani da shi. Itatuwan da ke gefen tafki suna rage iska da ƙafewar ruwa, kuma ruwan da ya nutse yana raya rijiyoyi. Ta haka tafki ɗaya yake rage ƙarfin ambaliya da damina, ya kuma ajiye ruwa don rani. Sai dai da yawa sun cike da laka, kuma yashe su aiki ne da yake buƙatar haɗin kan ƙungiyoyin manoma.

Hanya ta biyu ita ce makamashi. Ƙasar ta ɗaura aniyar samun kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga ruwa da iska da hasken rana a 2030. An buɗe tashar iska mai ƙarfin kimanin megawat 100 a Mannar a 2020. Kowace wutar da iska ta bayar ragi ce a kuɗin mai.

Hanya ta uku ita ce kare dazuzzukan fadamar bakin teku, irin waɗanda ake gani a yankin Neja-Delta. A 2015 ƙasar ta sanya dukkansu a ƙarƙashin kariya. Saiwoyinsu suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kifi da jatan lande kuma a cikinsu suke hayayyafa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kyakkyawar manufa ba ta isa ba idan aka yi mata gaggawa, kamar yadda dokar taki ta nuna. Tattalin arzikin ƙasar ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari a 2024, amma bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a wannan shekara, za a koma biyan uwar bashin ƙasashe masu bin ta daga 2028. Kuɗin da za a yashe tafki da shi, da wanda za a gina gada da shi, da wanda za a biya bashi da shi, duk daga aljihu ɗaya za su fito. Yadda gwamnatin Anura Kumara Dissanayake, wanda aka zaɓa a 2024, za ta raba wannan ɗan abin hannu shi zai nuna ko farfaɗowar za ta jure wa guguwa ta gaba.