Kafin ka sauya madubin gefen motarka

Sabunta fuskar mota ya zama yayi. Za ka ga Land Cruiser ƙirar 2010 an cire mata fitilu da bamba an sa mata irin na 2016, ko ƙaramar mota an ɗora mata siririn madubi kamar na motar tsere. Masu wannan sha'awa a ƙasashen waje sun daɗe suna farautar madubin Ganador na Japan, wanda aka daina ƙerawa har ya yi tsada, da na Spoon da ake sa wa Honda Civic, da mai siffar na BMW M3. Da na asali ya yi wuya, sai masana'antu a China da Taiwan suka shiga kwaikwayo. Yau madubin kwaikwayo iri-iri ya cika kasuwanninmu na kayan mota, daga Ladipo a Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja.

Ba duka ne na banza ba, akwai masu kyau a ciki. Matsalar ita ce mai saye yakan tsaya duban murfi da fenti, ya manta da gilashin, alhali shi ne zai gaya masa ko akwai tirela a gefensa.

Motocin da aka ƙera don Amurka, irin waɗanda suka cika titunanmu, madubin direba shimfiɗaɗɗe ne, na ɗaya gefen kuma mai ɗan tudu. Tudun nan yana faɗaɗa abin da ido ke gani, amma yana ƙanƙanta shi, shi ya sa dokar can ta wajabta ɗan rubutun da ke ƙasan gilashin, mai gargaɗin cewa abin da ka hango ya fi yadda kake zato kusa. Mai kwaikwayo na arha ba ruwansa da wannan lissafi. Wani ya sa shimfiɗaɗɗe a gefen fasinja, sai ɗan acaɓa ya ɓace maka ɗungurum. Wani kuma gilashin siriri ne, da ka taka mota a hanyar Zariya sai ya kama rawa, ba ka bambance bas da akori-kura.

Gwajin ba shi da wahala. Riƙe madubin a bakin shago, ka saita shi da turken wuta ko gefen bango, ka riƙa motsa kanka a hankali. In miƙaƙƙen layi ya karkace ko ya yi igiya, ajiye musu abinsu. Sannan ka tura shi baya ka gani ko yana naɗewa. Na asali an yi shi ne ya kauce in ya bugi mutum ko adaidaita sahu, amma wasu na ado kafe suke, sai dai su ji wa mutum ciwo ko su lanƙwasa ƙofa.

Akwai kuma batun hannu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari yana hagu. Madubin da aka yi wa Japan ko Ingila kuwa an saita shi ne don direban da ke zaune a dama. In aka ɗora maka shi, ko ka murɗa shi har ƙarshe ba lalle ya nuna maka inda kake so ba. Masu oda ta intanet su suka fi faɗawa wannan rami, domin a hoto duk ɗaya suke.

Sai wayoyi. Madubin lantarki da aikinsa juyawa kawai yawanci waya 3 gare shi. In yana da sigina, ko yana naɗe kansa, ko yana ɗauke da kyamara, wayoyin sai su ƙaru. Kwance tsohon ka tafi da shi kasuwa, a haɗa soket da soket, a duba ko ramukan noti sun dace. In ka ji mai gyaran wutar mota ya ce "Alhaji, bari mu yanke mu haɗa," ka tsaya ka yi tunani. Wayar da aka ƙulla da salatif a cikin ƙofa, damina ɗaya ta ishe ta ta fara ƙona fiyus.

A ganina, ga motar da ake hawa kullum, na Beljiyam da aka ciro daga irin motarka ya fi sabon kwaikwayo, ko da fentinsa ya koɗe. Sai dai shi ma da nasa tarkon, domin ɓarayi na ɓalle madubi a cunkoso ko inda aka ajiye mota, ya dawo kasuwa. Shi ya sa masu mota da yawa, musamman a Legas, ke sa a zana lambar motarsu a jikin gilashin. In ka ga lambar wata mota a madubin da aka miƙo maka, ko alamar an kankare wani rubutu, kada ka biya. Ka saya a shagon da ke da mazauni, ka karɓi rasit, kuma ku yi magana tun farko cewa in bai dace ba za ka dawo da shi.